Kundin aiki: ƙiyasta amfani da manhajojin waya daga zirga-zirgar Wi-Fi

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa ajiye abin da na yi da abin da na gani, kada nan gaba in rasa dalilin da ya sa na bi wannan hanya na bar waccan. Aikin shi ne a ƙiyasta waɗanne manhajoji ake amfani da su a wayoyi, da tsawon lokacin da ake ɗauka a kansu, daga bayanan da ke ratsa rautar Wi-Fi, wato na'urar da ke raba wa wayoyi intanet, kawai, ba tare da an taɓa wayar kowa ba. Wurin gwajin ɗakin karatun Kawu ne, inda ɗalibai ke biyan kuɗin wata su zauna su yi amfani da intanet. Datar da yake saye ba ta kai shi ƙarshen wata, yana son ya san inda take zuwa kafin ya ƙara wa yara kuɗi.

A bakinsa tambaya ɗaya ce, amma da na zauna da ita sai na ga biyu ce. Ta farko, wace manhaja ce ta ci megabait nawa. Ta biyu, minti nawa mutum ya yi da waya a hannu a kan wannan manhajar. Kawu ya ɗauka duk ɗaya ne. Ni kam ina zargin a tsakaninsu gizo ke saƙa.

Abin da rauta ke gani bai taka kara ya karya ba. Kusan komai yanzu a rufe yake da TLS ko QUIC, tsare-tsaren kulle saƙo a intanet, ba a karanta abin da ke ciki, ni ma ba shi nake nema ba. Abin da ya rage a fili shi ne adireshin IP ɗin da waya ta tuntuɓa, lambar ƙofa (port), girman kowane ƙunshi, wato guntun bayanin da ake aikawa ɗaya bayan ɗaya, ko shiga yake ko fita, da tazarar lokaci tsakaninsa da na bayansa. Sai sunan sabar da waya ke ambata a gaisuwar farko ta TLS, wanda ake kira SNI, da tambayoyin DNS, inda waya ke neman adireshin saba daga sunanta, idan ba a rufe su ba. Kamar mai zaune a bakin titin Zariya ne yana kallon tireloli lulluɓe da tamfol: bai ga kaya ba, amma ya ga yadda nauyi ya danne tayoyi, ya ga inda motar ta dosa.

Rautar MikroTik da ke wurin tana iya kwafe duk abin da ya ratsa ta zuwa wata kafar jona kebul da ke jikinta, can na jona tsohuwar laftof. Zeek, manhajar sa ido a kan zirga-zirgar intanet, na rubuta taƙaitaccen bayanin kowane haɗi, wani ɗan shiri da na rubuta da Python kuma yana ajiye girman ƙunshi talatin na farko da lokutansu. Abin da ke cikin ƙunshin ba ya sauka a kan faifai.

Lahadi, 19 ga Janairu

Makon nan ban rubuta layin shiri ko ɗaya ba, a kan neman izini ya ƙare. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta bar mutum ya riƙa tattara bayanan jama'a haka kawai ba, ko da ba don ita ba ma, yaran nan amana ce. Na manna sanarwa a bakin ƙofa da Hausa da Turanci. Lambar MAC, wadda rauta ke gane kowace waya da ita, ana dagula ta da wani mabuɗi kafin a ajiye, mabuɗin kuma yana canzawa duk mako, ta yadda ni kaina ba zan iya bin sawun mutum ɗaya na tsawon wata ba.

Da na yi wa Kawu bayanin haka, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"To in ban san ko wane ne ba, wa zan yi wa faɗa?"

"Kawu, ai ba faɗa za mu yi ba, lissafi za mu yi. Jimla zan kawo maka, ba sunaye ba."

"Kai dai ka sani. Ni dai datata ta kai ƙarshen wata."

Koyar da na'ura yana buƙatar misalan da aka riga aka san amsarsu, don haka na nemi masu sa kai. Wasu ɗalibai kaɗan sun yarda, suka sa hannu a takarda, aka sa musu abu biyu a waya. Ɗaya PCAPdroid, wadda ke rubuta cewa wannan haɗin daga manhaja kaza ya fito. Ɗayan wata 'yar manhaja ce da na haɗa, tana karanta rajistar da Android ke ajiyewa tun daga sigar 5.0 ta 2014, inda ake ganin lokacin da kowace manhaja ta hau fuskar waya da lokacin da ta sauka. Wata daga cikinsu ta tsaya kafin ta sa hannu, ta ce, "Malam, za ka riƙa ganin hirarmu ta WhatsApp?" Na juyo mata da laftof, na ce ta aika wa ƙawarta saƙo. Layi ɗaya ya fito: lokaci, adireshi, da 'yan lambobi. Ta duba ta sake dubawa, ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Haɗa lakabi, wato sunan manhajar da waya ta rubuta, da haɗin da rauta ta gani ya fi yadda na zata cin lokaci. PCAPdroid, idan waya ba a fasa mata tushe (root) ba, tana aiki ne ta hanyar kafa VPN na cikin gida: manhaja ta miƙa mata ƙunshi, ita kuma ta buɗe sabon haɗi zuwa waje a madadinta. Saboda haka girman ƙunshin da take gani da lambar ƙofar fita ba su ne rauta ke gani ba. Ba zan horar da inji da abin da aka kama a waya ba, tunda ranar aiki na gaske rauta ce kawai za ta kasance. Daga waya lakabi kawai nake ɗauka, in nemo abokinsa a rajistar Zeek ta adireshin da aka dosa, ƙofar can, sunan saba, da lokacin farawa. Wannan ya tilasta mini daidaita agogon laftof da NTP, tsarin saita agogo ta intanet, domin kuskuren daƙiƙa biyu ya isa ya sa a ɗora wa Chrome haɗin Gmail.

Wasu wayoyin kuma suna kashe duk abin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, sai ka ga rajistar ɗalibi ta yanke da azahar ba ta dawo ba sai washegari. Duk sa'ar da babu cikakken lakabi daga waya ina zubar da ita. Haka nan idan an ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi rauta ta mutu, haɗe-haɗe su tsinke a tsakiya. Na sa wa rautar ɗan batir na ajiya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kafin kowane koyon na'ura, na gwada hanyar da ta fi sauƙi: a duba sunan saba a ce manhaja kaza ce. Sababbin fitowar Zeek suna ciro sunan har daga QUIC, domin mabuɗin da ke rufe ƙunshin farko na QUIC daga abin da ke fili a cikin ƙunshin ake samo shi, kowa na iya buɗewa. Ga tambayar Kawu ta farko, wannan hanya ta kusa wadatarwa. Abin da ya fito daga googlevideo.com bidiyon YouTube ne, tiktokcdn.com na TikTok ne, fbcdn.net hotuna da bidiyon gidan Meta ne. Manyan masu cin data sunayensu a rubuce suke a goshi.

Matsala tana farawa idan ana son sunan manhaja, ba sunan kamfani ba. Facebook, Facebook Lite da Messenger suna ɗebo kaya daga rumbu ɗaya, sau da yawa sunan bai isa ya raba su ba. Bidiyon googlevideo.com yana iya zama manhajar YouTube, ko YouTube a cikin Chrome, ko bidiyon da aka liƙa a shafin jarida. Shi kuwa graph.facebook.com ya fi kowa yaudara: wasanni da manhajojin kasuwanci da yawa suna ɗauke da guntun shirin Facebook a cikinsu, suna tuntuɓar wannan adireshin ko da mai wayar bai taɓa buɗe Facebook ba. Haka sabobin talla da na Firebase, kowa da kowa na zuwa wurinsu. Ƙofa ta 5228 kuma ta Google ce, ta nan sanarwar yawancin manhajoji ke shigowa a haɗi guda, ba a san ta wa ce ba. Haɗin hira na WhatsApp ma ba TLS ɗin da aka saba ba ne, tsarin Noise yake bi, ba ya ambaton suna. Sai dai a kama shi ta tambayar DNS da ta gabace shi, ko ta ganin cewa adireshin na cikin rukunin Meta ne.

Na koma na sake karanta ayyuka biyu da kowa a wannan fage ke ambata. AppScanner, na Vincent Taylor da abokan aikinsa a jami'o'in Oxford da Padua, ya fito a 2016. Sun gwada manhajoji 110 na Android, suka gane su da daidaiton da ya haura kashi 99 cikin 100 daga girman ƙunshi da alkiblarsa kawai. Amma fa na'ura ce ke danna manhajojin ba mutum ba, kuma tsarin yana ƙin yanke hukunci a kan haɗin da ba shi da tabbas a kai. Su da kansu sun dawo daga baya sun nuna daidaiton yana sauka idan watanni suka shuɗe aka sabunta manhajojin. FlowPrint, na Thijs van Ede da abokansa a 2020, ya bi wata dabara: kada a dubi haɗi shi kaɗai, a dubi waɗanne sabobi ake tuntuɓa tare a lokaci guda. Sun ba da kashi 89.2. Wannan dabarar ta fi kwanta mini. Graph.facebook.com shi kaɗai bai ce komai ba, amma idan ya zo tare da sabar wani wasa, an san ba Facebook ake yi ba.

Abin lura shi ne dukansu biyun tambayarsu ita ce "wace manhaja ce ta aika wannan", ba "me mutum ke kallo yanzu" ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Injin hasashe na farko ya tashi. Na yanka lokaci gutsure-gutsure na minti ɗaya ga kowace waya. A kowane minti ina lissafa bait nawa ya shiga, nawa ya fita, sabbin haɗi nawa aka buɗe, kashi nawa na ƙunshin ne ya cika kusan bait 1,500 da layi ke ɗauka, tazara mafi tsawo da aka yi shiru, da rukunin sabobin da aka tuntuɓa. Amsar da ake nema ita ce manhajar da ta fi daɗewa a fuskar waya a wannan mintin, ko kuma "babu" idan fuskar a kashe take. Na yi amfani da dajin bishiyoyin hukunci da ke cikin scikit-learn, kayan koyon na'ura na Python, domin yana gudu a tsohuwar laftof, kuma yana nuna siffofin da ya fi dogara da su.

Na jarraba shi ta hanya biyu don in ga tazarar. Idan aka gauraya mintoci duka aka ware wasu don jarrabawa, sakamakon yana da daɗin gani ƙwarai. Amma minti biyu da ke jere a waya ɗaya kusan tagwaye ne, in ɗaya yana cikin darasi ɗayan yana cikin jarrabawa, satar amsa aka yi. Da na ware waya sukutum, injin bai taɓa ganin ta ba, sai maki ya zube sosai. Ashe ya koyi halin mutane ne tare da halin manhajoji: wannan wayar mai yawan tuntuɓar sabobin kamfanin da ya ƙera ta, mai ita ɗan TikTok ne, to duk abin da ta yi TikTok ne. Na cire duk siffar da ke tona irin waya. Daga yau makin waya baƙuwa kawai zan riƙa kallo.

Lahadi, 9 ga Maris

Yau azumi tara. Ɗakin karatun ya koma na dare, ana cika bayan tarawihi, wasu har sahur. Na yi amfani da shirun rana na zauna da masu sa kai ɗaya bayan ɗaya, suna amfani da waya yadda suka saba, ni ina kallon layin zirga-zirga a laftof. Wannan zaman ya koya mini abin da teburin lambobi bai koya mini ba.

TikTok ba ya jira. Ana buɗe shi layin ya yi tsalle sama, domin yana sauke bidiyon da ake kallo da na gabansa tun ba a iso su ba. Sai ya lafa. Da yatsa ya share fuska, wasu ƙananan ƙunshi su fita, wani tudun ya sake tashi. Mai saurin sharewa yana cin data fiye da wanda ya tsaya yana maimaita bidiyo ɗaya, alhali na biyun yana iya fin shi daɗewa a ciki. YouTube kuma numfashi yake yi: ya ja guntun bidiyo, ya yi shiru, ya sake ja, a kan tazara kusan iri ɗaya. Idan layi na da kyau yakan tara na gaba da yawa, minti guda cur ya wuce rauta ba ta ga komai ba, mutum kuwa idonsa na kan waya. Kiran WhatsApp shi ne mafi sauƙin ganewa a duk aikin, ƙananan ƙunshi ne suna kai da komo ba tsayawa, shiga da fita kusan daidai.

Sai wani ɗan aji uku na jami'a ya zauna. Ya buɗe WhatsApp, ya shiga zauren ajinsu, ya danna wata takardar darasi da aka turo tun jiya. Layin ya ɗan motsa, ya kwanta. Ya yi kusan minti arba'in yana karatu, yana ja sama yana komawa, har yana kwafar wani abu a littafi. A laftof ɗina babu komai sai ɗigo-ɗigon da waya ke aikawa don kada haɗi ya mutu. Injin ya rubuta "babu" daga farko har ƙarshe. Da ya tashi zai yi alwala ya jefa wayar a jaka, sai wani ya zuba bidiyoyi a wani zauren, wayar ta kama saukewa da kanta, injin ya ce ana ta WhatsApp.

Ga inda lamarin yake ke nan. Karatu ba ya barin sawu a kan layi. Takardar PDF sau ɗaya ake sauke ta, a yi mako ana karantawa. Manhajar Alƙur'ani, ƙamus, saƙon muryar malami da aka saurara sau biyar, laccar da aka karɓa ta Xender daga wayar aboki ba ta ko bi ta rauta ba, duk waɗannan ba su da nauyi a ma'aunina. Nishaɗi kuwa kowace daƙiƙarsa da hayaniya take zuwa. Duk wanda ya ɗauki jadawalin megabait ya ce da shi zai auna ko yara na karatu, ya riga ya yanke musu hukunci tun bai duba ba.

Akwai kuma wanda ke sauraron Audiomack fuska a kashe. Amfani yake yi, amma rajistar Android ba ta ƙirga shi a lokacin fuska. Na ware masa aji na daban, "sauraro".

Gyaran da na yi: injin ya daina kallon minti shi kaɗai. Yanzu yana ganin mintocin da suka gabata da na bayansa, sannan na ɗora tsarin Markov mai sauƙi a sama, wanda ya san mutum ba ya tsalle daga YouTube zuwa "babu" ya dawo duk bayan minti. Wannan ya cike ramukan YouTube da TikTok sosai. Ramin mai karatu bai cike ba, kuma ban ga abin da zai cike shi daga rauta ba.

Asabar, 22 ga Maris

Kawu ba ya buƙatar sanin kowane minti, jimla yake so. Da farko sai a ɗauka in an ƙirga hasashen injin an gama, tunda kuskuren nan zai share na can. Ba haka ba ne. George Forman na ɗakin binciken HP ya nuna tun 2005 cewa ƙirga hasashe kai tsaye yana karkata jimla ta fuska guda. Misali da lambobin ƙage: a ce injin yana kama minti 80 cikin kowane 100 na TikTok, yana kuma ɗora wa TikTok minti 10 cikin kowane 100 da ba nasa ba. Idan gaskiyar rabon TikTok kashi 10 ne, injin zai ce 8 da 9, wato 17. Idan gaskiyar kashi 60 ne, zai ce 48 da 4, wato 52. Ƙarami ya kumbura, babba ya tsuke. Maganin shi ne a auna waɗannan kurakurai biyu a wayoyin masu sa kai, a yi lissafin a baibai a dawo da jimlar wurinta. Na yi haka da cikakken teburin da ke nuna wace manhaja ake ɗauka a madadin wace.

Sai dai gyaran yana tsayawa ne idan halin kowace manhaja bai canza ba, yawanta kawai ya canza. Azumi ya karya wannan sharaɗin. Facebook ɗin Fabrairu ja da yatsa ne, hoto, sharhi, guntun bidiyo. Facebook ɗin Ramadan rabinsa tafsiri ne kai tsaye, a jingina waya a bango a yi sa'a guda. A kan layi wannan ya fi kama da YouTube, sunan saba ne kawai ke ceton sa. Teburin kuskuren da na auna kafin azumi bai dace da watan nan ba, na sake auna wani daga makonni ukun da suka wuce.

Asabar, 12 ga Afrilu

An yi Sallah ranar 30 ga Maris, yara sun dawo, wasu da sababbin wayoyi. Na ɗauki injin Fabrairu ban taɓa shi ba na jarraba shi da bayanan makon nan. Ya ja baya, musamman a manhajojin da aka sabunta. Wata ta koma ɗebo hotunanta daga wata saba daban, wata ta ƙara yawan abin da take aikawa ta QUIC, siffofin TCP, hanyar aikawa da aka saba kafin QUIC, waɗanda injin ya dogara da su, suka zama fanko. Abin da masu AppScanner suka gani ke nan, na gan shi da idona cikin ƙasa da wata biyu.

Na gwada ƙara tambarin gaisuwar TLS ko zai taimaka. Irin wannan tambarin da ake kira JA3, wanda ma'aikatan Salesforce suka fitar a 2017, ya daina amfani ga Chrome tun sigar 110 a farkon 2023, lokacin da ya fara hargitsa jerin ƙarin bayanan gaisuwarsa a kowane haɗi. Wani tambarin, JA4, yana jera su kafin ya lissafa, don haka shi na ɗauka. Ya raba burauza da sauran manhajoji, wannan riba ce. Tsakanin manhajojin kansu kuwa bai yi wani abin a zo a gani ba, domin da yawansu da kayan TLS ɗin Android iri ɗaya suke gaisuwa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na kai wa Kawu takarda shafi biyu. Shafin farko megabait ne bisa kamfani, wannan na tsaya a kansa ba shakka: bidiyo ne ke cinye mafi yawan datar. Amma wani kaso mai kauri da ba wanda ya zata sabunta manhajoji ne daga Play Store da ɗora hotuna zuwa ma'ajiyar Google, abin da wayoyi ke yi da kansu da zarar sun ji Wi-Fi, mai waya bai ma sani ba. Shafi na biyu mintoci ne. Kowace lamba na sa mata iyakar sama da ta ƙasa, na kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa karatun da ba ya taɓa intanet ba ya ciki.

Ya daɗe a shafin farko. Ya ce, "Wato wayar ce ke ci, ba yaron ba?"

"Wani ɓangaren, Kawu. Ba duka ba."

Mun tsaya a kan abu biyu. Na sa wa manyan saukewa da bidiyo iyakar gudu a rauta a lokutan cunkoso, kuma za a roƙi ɗalibai su nuna wa wayoyinsu cewa wannan Wi-Fi ɗin mai awo ne, abin da ke sa Android ta dakatar da yawancin sabuntawar bayan fage. Maganar ƙarin kuɗi an jingine ta zuwa bayan wata biyu. Duk wannan daga shafin farko ya fito, wanda ko koyon na'ura bai buƙata ba. Na lura da hakan, ban kuma ji haushi ba, tunda shafi na biyu ne ya hana a yi wa na farko mummunar fassara.

Asabar, 10 ga Mayu

Saura ajin "ba a sani ba", wato zirga-zirgar da ba a gane manhajarta ba, kuma yana ƙaruwa. Mafi girman ɓangarensa VPN ne. Tun lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 mutane da yawa suka saba da shi, wasu a kunne yake kullum. Waya mai VPN haɗi ɗaya rak take nunawa, komai ya cakuɗe a ciki, babu suna babu adireshi. Numfashin YouTube da kai-komon kira suna ɗan leƙowa ta cikinsa, amma ba ni da lakabin horarwa, domin Android VPN ɗaya take bari a lokaci guda, PCAPdroid kuma ta riga ta zauna a kujerar. Rajistar fuskar waya ita kaɗai za ta yi aiki a nan, kuma ta ishe ni tunda minti nake nema ba haɗi ba. Masu sa kai biyu sun yarda su cire PCAPdroid su bar VPN ɗinsu a kunne.

Na biyu shi ne DNS na sirri da Android ta kawo a sigar 9, wanda ke bi ta ƙofa ta 853 a rufe. Wasu ɗalibai sun saka adireshin masu toshe talla a wurin, sunayen da nake samu daga DNS suka ɓace a wayoyinsu. Na uku ECH ne, wanda ke rufe SNI ɗin kansa. Firefox ya kunna shi a 2023, Cloudflare ma na goyon bayansa, kuma na fara ganin haɗin da sunansa na waje cloudflare-ech.com ne kawai. A rajistata kaɗan ne tukuna, daga burauza suke zuwa ba daga manyan manhajoji ba.

Saboda haka mako mai zuwa zan horar da inji na biyu da aka hana shi ganin kowane suna, sai girman ƙunshi, lokaci, da lambar rukunin adireshin kamfani, irin 32934 ta Meta da 15169 ta Google. Ina son in san nawa ne daga cikin makin yanzu ya rataya a kan SNI. Zan kuma mayar da sake horarwa aikin kowane mako biyu, da bayanan makonni shida na baya kawai, in ga ko hakan zai tare zamewar da na gani a Afrilu. Uku daga cikin masu sa kai za su tafi hutun zango a ƙarshen wata, dole in nemi madadinsu tun yanzu, kuma a wannan karon ina son a samu ko da mutum ɗaya mai iPhone, duk da cewa sai na nemo wata hanyar samun lakabi daga gare ta.